Tambaya da Amsa: Gane Alamun Gaɓa da Zaɓen Wurin Jefa Anga

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata yawancinsu daga masu ƙananan jiragen ruwa ne, kuma a kan abu biyu suka fi tsayawa, wato yadda matuƙi zai san inda yake idan ya dubi gaɓa, da yadda zai sami wurin da jirginsa zai kwana lafiya a kan anga, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina mun sayi ƙaramin jirgi mai filafili, tsawonsa mita 7, kuma muna da taswirar teku ta yankin da muke zagayawa. A kan takarda komai a fili yake, amma da zarar mun yi nisa na juyo na dubi gaɓa, sai in ga duk tuddai sun zama iri ɗaya. Kwanan baya mun shiga wani mashigi muna zaton shi ne wanda muka nufa, sai da gindin jirgi ya shafi yashi muka gane ba shi ba ne. Akwai dabarar gane gaɓa, ko kuwa sai an daɗe ana yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daɗewa tana da nata amfani, amma akwai dabara, kuma farkonta shi ne mutum ya san dalilin da ya sa idonsa ke ruɗinsa. Taswira tana nuna ƙasa ne yadda tsuntsu ke ganinta daga sama, kai kuwa kana zaune kusan daidai da fuskar ruwa, daga gefe kake kallonta. Saboda haka mashigin da ya fito sarai a takarda bakinsa yakan ɓace a ido, domin ƙasar da ke bayansa ta cike giɓin, tsibirin da ke gaban gaɓa kuma yakan manne da ita har ka rantse ƙasa ɗaya ce. Ga kuma lanƙwasar duniya. Wanda idonsa ke mita 2 sama da ruwa, iyakar fuskar ruwan da yake gani ba ta cika mil 3 na teku ba, wato kimanin kilomita biyar da rabi, tun da mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Duk abin da ya wuce wannan iyaka samansa kawai ake gani. Dutse mai tsayin mita 100 ana iya hango kansa daga nisan mil 24 idan gari ya washe, alhali rairayin bakin teku da ƙananan gine-gine suna nan a ɓoye, shi ya sa tudu guda mai kawuna biyu yakan fara bayyana kamar tsibirai biyu.

Sai dai a ganina abin da ya kai ku cikin yashi ya fi wannan kusa da ku. Kun riga kun sa rai da mashigin, wataƙila kuma kun gaji, sai kuka ga wani abu mai kama da shi, zuciya ta ce shi ne, daga nan duk abin da ido ya gani sai a lanƙwasa shi ya dace da taswira. Kama da wane ba ta wane. Ni ma hakan ta taɓa faruwa da ni: na ɗauki wata doguwar sandar sadarwa a matsayin wadda ke cikin taswira, ashe sabuwa ce da aka kafa bayan an buga taswirar, kuma da na'urar auna zurfi ta nuna mita 6 a inda nake zaton mita 15 ne, na'urar na zarga da lalacewa, ban zargi kaina ba.

Aikin gane gaɓa tun kafin a tashi ake fara shi. Zauna da taswira ka zaɓi alamomi uku ko huɗu waɗanda ba su da abokin kama a kusa, irin su hasumiyar fitila, ko bututun hayaƙi na masana'anta, ko tankin ruwa, ko kan dutsen da aka rubuta tsayinsa, ka rubuta su bi da bi yadda za su bayyana, tare da lokacin da kake sa ran ganin kowace. Farin gida ko doguwar bishiya ba abin dogaro ba ne, haka ma tsinin ƙasa mai faɗi wanda bakinsa ke matsawa idan ruwa ya cika ko ya janye. Littattafan jagorar matuƙa, irin waɗanda ofishin taswirar teku na Birtaniya, wanda aka kafa a 1795, yake bugawa, suna ɗauke da hotuna da zanen gaɓa yadda take a idon mai zuwa daga teku, kuma wannan shi ne ainihin abin da taswira ta rasa. Idan kana fita daga wurin da za ka dawo, riƙa waiwayawa, domin kamannin da ka gani a baya su ne za ka nema da yamma.

Bayan haka sai lissafi. Jirgin da ke yin mil 4 a awa, bayan awa biyu mil 8 ya ci, don haka mashigin da ke mil 11 bai isa ya bayyana a gefensa ba, komai kamarsa da shi. Da kun yi wannan ɗan lissafin, ina kyautata zaton da ba ku juya ba.

Sai kamfas na hannu. Ka auna kusurwar alamomi uku da suka bazu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar digiri 60, ka ja layukan a taswira. Da wuya su haɗu a ɗigo ɗaya, ɗan ƙaramin alwatika suke bari. Idan ƙarami ne, kana cikinsa ko kusa da shi, kuma ka ɗauka kana kusurwar da ta fi kusa da hatsari. Idan ya yi girma, to ɗaya daga cikin alamomin ba ita ba ce, kuma gara ka san haka tun kana ruwa mai zurfi. Kada ka manta arewar da kamfas ke nunawa ta bambanta da arewar taswira, an kuwa rubuta bambancin a cikin da'irar kamfas da ke jikin taswirar, tare da shekarar da aka auna shi da yadda yake sauyawa duk shekara. Ka kuma nisanta kamfas ɗin daga inji da wayar hannu da duk wani ƙarfe.

Dabarar da na fi so ba ta ma bukatar kamfas. Duk lokacin da abubuwa biyu tsayayyu da ke cikin taswira suka daidaita a idonka, ɗaya a bayan ɗaya, to kana kan layin da ya haɗa su, babu kuskuren maganaɗisu a ciki. Da wannan hikima ake kafa alamomi biyu a bakin tashoshin jiragen ruwa da yawa, ta baya ta fi ta gaba tsayi, domin mai shigowa ya jera su ya bi tsakiyar hanya. Idan suka rabu, ka karkata zuwa gefen da ta gaba ta koma, za su sake haɗuwa. A ƙarshe ka tambayi zurfin ruwa, domin shi bai san abin da kake fata ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce, ba na juya kan jirgi zuwa ƙasa sai shaidu biyu mabambanta sun yarda da abin da idona ya gaya mini.

Tambaya: Malam, mun jefa anga da yamma a wani lungu mai kwanciyar ruwa, zurfinsa mita 4, muka saki igiya mita 12. Da tsakar dare muka farka muka tarar jirgi ya ja angar har ya kusa duwatsu. Angar ce ba ta da kyau, ko wurin ne?

Amsa: Allah ya ƙara kiyayewa, Malam. Kafin a zargi angar, bari mu yi lissafin igiyar. Anga ba da nauyinta take riƙe jirgi ba, ƙasa take tona ta nutse, kuma ba za ta zauna a nutse ba sai jan da ake yi mata ya zo a kwance, kusan daidai da ƙasan ruwa. Gajeriyar igiya sama take ɗaga ta, wanda shi ne yadda ake cire ta da safe. Abin da aka saba shi ne a saki sarƙa ninki huɗu na zurfi, idan kuwa igiya ce mai ɗan guntun sarƙa a bakinta, ninki bakwai, a ƙara idan iska ta yi ƙarfi. Zurfin da ake nufi kuma daga goshin jirgi ake ƙirga shi zuwa ƙasa, a lokacin da ruwa ya cika. A ce kun iso ruwa a janye, kuma cikarsa a wurin mita 3 ce, goshin jirgi kuma yana mita 1 sama da ruwa: huɗu da uku da ɗaya, mita 8 ke nan. Sarƙa mita 32 ake bukata, ko igiya mita 56. Mita 12 da kuka saki, da tsakar dare ninki ɗaya da rabi kawai ta zama.

Akasin haka ma yana faruwa. Wanda ya iso ruwa a cike ya ga mita 4, bayan awa shida mita 1 zai rage masa, jirgin da gindinsa ke cin fiye da haka kuwa sai ya zauna a ƙasa. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma cikar da janyewar sun fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Tashin ba daidai yake ba a kowace awa: idan aka kasa shi kashi 12, awa ta farko kashi ɗaya ne, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu uku-uku, sannan biyu, sannan ɗaya, ma'ana rabin ruwan cikin awa biyu na tsakiya yake zuwa. Wuri ma ya bambanta da wuri, domin a yawancin Bahar Rum tashin kaɗan ne, alhali a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16. Sai an duba jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar da ta fi kusa.

Game da wurin, kwanciyar ruwan da kuka gani da yamma shaida ce a kan yammar kawai. Tambayar da matuƙi zai yi ita ce, daga ina iska za ta busa da ƙarfe uku na dare? Ana neman lungun da ƙasa ta tare wa iska, wato tana busowa daga tudu zuwa teku, ta yadda ko anga ta kuɓuce, ruwa mai zurfi jirgi zai nufa. Idan iskar ta juya ta koma tura jirgi zuwa gaɓa, mafakar jiya ta zama tarko. A duba hasashen yanayi har zuwa wayewar gari, a kuma tuna cewa a gaɓoɓi masu zafi iska takan buso daga teku da rana ta koma busowa daga ƙasa da dare, ƙarƙashin manyan duwatsu kuwa iska mai sanyi takan gangaro da ƙarfi ba zato. Doguwar igiyar ruwa ita ma tana iya zagayo tsinin ƙasa ta shiga lungun da iska ba ta shiga, ta hana kowa barci.

Sai irin ƙasan. Taswirar teku tana nuna shi da haruffa: S yashi ne, M laka, Cy yumɓu, G tsakuwa, R dutse, Wd ciyawar ruwa, Co murjani. Yashi mai tauri da laka mai danƙo da yumɓu su ne suka fi riƙo. A kan ciyawa anga takan zame ko ta cika bakinta da ita, a cikin dutse kuwa ko ta ƙi kamawa ko ta kama ta ƙi fita, shi ya sa masu hankali suke ɗaura siririyar igiya a kanta, mai ɗan abin iyo a ƙarshe, don a jawo ta ta baya. Matuƙan dā darma suke ɗaura wa igiya, su cusa kitse a ramin gindinta, idan ta taɓa ƙasa ta ɗauko musu samfurin abin da ke can, kuma dabarar har yau tana aiki. Irin angar ma yana da tasiri: mai siffar garma, wadda masanin kimiyyar nan na Birtaniya Geoffrey Taylor ya ƙirƙiro a 1933, da mai faffaɗan fikafikai irin ta Danforth, sun fi dacewa da yashi da laka, tsohuwar mai ƙugiya biyu kuwa ta fi su ratsa ciyawa. A kauce wa inda taswira ta zana layi mai lanƙwashe-lanƙwashe na wayar ƙarƙashin teku, ko hoton anga da aka soke, da kuma murjani. A wasu sassan Faransa da Sifen doka ta kare ciyawar ƙasan teku da ake kira posidoniya.

Kalmar jefawa ma tana ɓatar da mutane, domin ba wurga anga ake yi ba. Ana fuskantar iska a tsayar da jirgi, a sauke ta har ta taɓa ƙasa, sannan a riƙa sakin igiya yayin da jirgi ke ja da baya, don kada sarƙa ta taru a kanta. Idan an saki abin da ake bukata, sai a ja da baya da inji a hankali, a ƙara wuta kaɗan kaɗan. A lokacin ka jera abubuwa biyu na kan tudu da ke gefen jirgi: idan sun tsaya a jere, ta kama. Ɗora hannu a kan sarƙar, idan kana jin karkarwa da gurnani, tana jan ƙasa ne, a ɗaga a sake. Ka tuna jirgi zai zagaya angarsa a da'ira mai faɗin igiyar da tsawonsa, kuma wanda ya riga ka zuwa shi ke da wurin, kai za ka ba shi fili. Kafin ka kwanta, rubuta kusurwar kamfas da za ka bi ka fita cikin duhu idan ta ɓaci.

Tambaya: Malam, wayata tana nuna mini jirgina a kan taswira ta hanyar GPS. Me ya sa zan wahalar da kaina da kamfas da fensir?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi amfani da ita, ni ma ina yi. Tun da Amurka ta daina rage ingancin siginar da gangan a watan Mayu na 2000, na'urar tana sanin inda kake da kuskuren 'yan mitoci. Taswirar da aka ɗora ɗigon a kanta ita ce abin tambaya. A wurare da dama, musamman tsibiran da manyan jirage ba sa zuwa, awon da aka yi da darma da igiya tun ƙarni na 19 shi ne aka kwafa cikin wayar, kuma gaɓa tana iya kauce wa inda aka zana ta da ɗaruruwan mitoci. Yashin bakin kogi yana ƙaura bayan kowace guguwa. Idan ka ƙanƙantar da hoton don ka ga hanya mai nisa, ƙananan duwatsu sukan ɓace daga fuskar wayar. Batir kuma yana ƙarewa, ruwan gishiri ba ya ƙyale kayan lantarki. A ruwa mai murjani ido ya fi ta nesa ba kusa ba: ka shiga rana tana sama ko tana bayanka, shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa ko rawaya kuwa dutse ne dab da fuskar ruwa. Inda wayar ta fi amfani shi ne ƙararrawar da ke tashinka idan jirgi ya fita daga da'irar angarsa.

Tambaya: Malam, ni da maigidana dare ya taɓa yi mana kafin mu isa, muka ga fitilu barkatai, muka rasa wace ce ta hanya. Kuma wani littafi ya ce jar alama a hagu take, wani ya ce a dama. Wane ne ya yi daidai?

Amsa: Malama, duka biyun sun yi daidai, kowane a yankinsa. Tsarin da ƙungiyar kula da alamomin hanyoyin ruwa ta duniya, IALA, ta tsayar a 1980 ya raba duniya gida biyu. A Turai da Afirka da Ostireliya da mafi yawan Asiya, mai shigowa daga teku yana barin ja a hagunsa, kore a damansa. A nahiyoyin Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin kuwa, ja a dama take. Gangunan alama masu launin baƙi da rawaya suna gaya miki gefen da za ki bi ki kauce wa hatsari, kuma farar fitilarsu tana bin fuskar agogo: walƙiya uku ta gabas ce, shida da doguwa ɗaya ta kudu, tara ta yamma, mara yankewa kuma ta arewa.

Kowace hasumiya tana da nata salon haske, wanda aka rubuta kusa da ita a taswira. Idan aka rubuta Fl(3)15s, ana nufin walƙiya uku a jere, suna maimaituwa duk daƙiƙa 15. Ki ƙirga da agogo, zagaye uku cikakku, kafin ki duba abin da taswira ta ce, domin wanda ya riga ya san adadin da yake nema, shi zai ƙirgo. Wasu fitilun launinsu yana sauyawa gwargwadon inda kike, fari a kan hanya, ja ko kore idan kin kauce. Fitila mai tsayin mita 25, idan tana da ƙarfi, za ta fara leƙowa ga mai ƙaramin jirgi daga nisan kamar mil 13, wanda shi ma awo ne na nisa. Fitilun gari da na motoci su ne suka fi ruɗarwa, domin suna haɗiye ƙananan fitilun hanya. Shawarata ga wurin da ba ki taɓa shiga ba, musamman wanda ba shi da fitilun jagora, ita ce da muguwar rawa gara ƙin tashi: ku tsaya a ruwa mai zurfi nesa da gaɓa, ku yi karɓa-karɓar tsaro har gari ya waye.

Tambaya: Malam, dole ne ƙaramin jirgi ya kunna fitila idan yana kan anga?

Amsa: Ƙa'ida ta 30 ta dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ta ce jirgin da bai kai mita 50 ba sai ya nuna farar fitila guda da ake gani ta kowane gefe da dare, da rana kuma ya rataye baƙar ƙwallo a gabansa. An ɗauke wa wanda bai kai mita 7 ba, muddin ba ya cikin ƙunƙuntar hanya, ko wurin da jirage ke tsayawa ko wucewa, ko kusa da su. Ko da an ɗauke maka, Malam, ka kunna. Ni nakan ƙara wata a ƙasa kusa da goshi, domin ta kan sandar filafili tana sajewa da taurari da fitilun tudu, mai shigowa cikin duhu kuwa gabansa yake duba, ba sama ba.